Kaduna ta Bakin Dogo: Bin Sawun Wani Mai Hoto

Baƙon da ya shigo Kaduna ta Kawo, ya miƙe titin Ali Akilu har ya faɗa titin Ahmadu Bello, yana iya ratsa garin tun daga sama har bakin kogi bai san akwai layin dogo a kusa ba. Alhali yana nan ta yamma da shi, a bayan shaguna da gidajen mai, yana biye da titin ta Abakpa, ya wuce bayan babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ya gangara ya haye ruwa. Mai son ganinsa sai ya sauka daga mota ya shiga da ƙafa. Wuri mafi sauƙi kuwa shi ne Bakin Dogo, kasuwar kayan miya da ke jingine da shi.

Da hantsi ake zuwa Bakin Dogo in ana son a same ta a cike. Kwandunan tumatir a jere, attaruhu da tattasai an baza a kan buhuna, albasa tsibi-tsibi, masu baro suna ta "hanya, hanya", 'yan dako na kai da komowa da doya a ka. Ƙarafan nan biyu suna bi ta gefen wannan hada-hada, wani wurin sun fito fili suna ƙyalli saboda takun mutane, wani wurin ƙasa da ɓawon albasa sun binne su. Tsakaninsu ƙafa uku ne da inci shida, awon da Turawa suka fi zaɓa wa ƙasashen da suka mallaka, don ya fi arha kuma ya fi iya shan kwana. Na gai da wani dattijo mai albasa, na ce, "Baba, har yanzu jirgi na bi ta nan?" Bai ko ɗago daga ƙirgar da yake yi ba ya ce, "Ɗana, in zai zo ai shi ke fara sallama. Sai mu janye masa."

Kaduna ba irin su Zariya da Kano da Katsina ba ce. Ba ta da ganuwa, ba ta da ƙofofin da aka gaji sunayensu, ba ta da marina ko hasumiyar da za a ce ta shekara ɗari biyar. Ƙauyukan Gbagyi sun riga kowa zama a wannan kwari, wannan babu gardama. Amma birnin da muke kira Kaduna a yau, cikin abin da aka tsara aka gina, babu wanda ya girmi wannan layi. Dogo ya riga bariki, ya riga gidan Gwamna, ya riga kasuwa. Ya wuce ta nan kafin 1911, sannan sojoji suka biyo shi daga Zungeru, hedikwatar Arewa ta lokacin, sannan sakateriyar Arewa ta taso gaba ɗaya a 1917. Saboda ƙuruciyar tata, Kaduna ta sami abin da tsofaffin birane ba su samu ba: lokacin da ake kafa tushenta, akwai kyamara a duniya, akwai kuma mutumin da gwamnati ke biya ya bi aikin dogo yana ɗauka, tun daga Legas, ya bi ta Jebba, har zuwa nan. Kuma ba Bature ba ne.

Sunansa George S. A. Da Costa. An haife shi a Legas a 1853, shekara takwas kafin Ingila ta mai da tsibirin mallakarta. Sunan Fotugal yake ɗauke da shi domin shi ɗan Aguda ne, zuriyar bayin da aka kwashe zuwa Birazil, suka sami 'yanci, suka komo gaɓar Afirka ta Yamma. Komowar ta yi ƙarfi bayan boren da bayi Musulmi suka yi a Bahia a 1835. A wannan Bahia ɗin dai Hausawa ne suka ja gaba a yunƙurin 1807 da na 1814, wato al'ummar da ta haifi wannan mai hoto ta sha rana ɗaya da kakannin wasunmu a gonakin rake, tun kafin shi ya taɓa jin sunan Zazzau. Aguda sun dawo da sana'a a hannu: magina, kafintoci, teloli, masu fenti. Hannunsu ne a masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a Legas a 1894.

Da Costa bai bi gini ba, littafi ya bi. Daga 1877 zuwa 1894 shi ne manajan kantin littattafai na mishan ɗin CMS a Legas, shekara 17 yana tsakanin lissafi da odar kaya daga Ingila. Sai da ya haura arba'in, shekarun da wani ke fara tunanin gina gidan tsufa, sannan ya ajiye wannan kujera, ya kashe fam 30 wajen koyon ɗaukar hoto, ya buɗe shagonsa a 1895. Ko dai ya iya hangen kasuwa ko kuma sa'a ta bi shi, domin a shekarar da ta biyo baya, 1896, aka fara aikin dogo daga Legas. Layin ya kai Ibadan a 1901, Oshogbo a 1907, Ilori a 1908, ya tsaya a bakin Kwara a Jebba a 1909. Yadda ƙarfe ke yin arewa haka aikin Da Costa ke yin arewa. In ka lissafa, lokacin da dogo ya ratsa ƙasar Kaduna yana gab da cika sittin.

Ba shi kaɗai ba ne a sana'ar. A Legas akwai N. W. Holm wanda ya zo daga ƙasar Ghana ta yau, a Bonny akwai J. A. Green da ya rasu a 1905 yana saurayi, a Akara kuma akwai gidan Lutterodt. Da yawa daga cikin tsofaffin hotunan nan da muke gani a littattafan tarihi, mu ɗauka Turawa suka ɗauka, hannun baƙar fata ne. Sai dai in hoto ya zama katin wasiƙa, ko ya shiga rahoton gwamnati, sau da yawa sunan mai shi ba ya biyo shi.

Dogon da ya fara taka wannan wuri kuwa ba daga Legas ya taso ba. Daga Baro ya taso, wani ɗan gari a bakin Kwara cikin ƙasar Nufe. A lokacin, Arewa da Kudu gwamnatoci biyu ne masu kishin juna. Legas tana son kayan Arewa su bi ta tasharta, Zungeru kuma tana son nata layin da zai sauke kaya a bakin kogi, jiragen ruwa su kwashe zuwa teku. A 1907 Landan ta amince da layin Baro zuwa Kano, ta kuma turo Percy Girouard ya gaji Lugard a mulkin Arewa. Girouard ɗan Kanada ne, injiniyan soja, wanda ya yi suna wajen shimfiɗa wa Kitchener dogo a hamadar Sudan lokacin yaƙi da mabiya Mahadi. Sanin dogo ne ya kawo shi, ba sanin Arewa ba. Aka danƙa aikin ga ma'aikatar ayyuka ƙarƙashin John Eaglesome, ba a nemi ɗan kwangila ba. Ƙarafa da kawunan jirgi daga Ingila suka zo, aka hau da su Kwara a 'yan watannin da ruwa ke cika. Layin, mil 356, ya bi ta Minna, ya haye Kogin Kaduna a nan, ya shiga Zariya, ya isa Kano a watan Maris na 1911. Na Legas kuma ya ƙetaro daga Jebba ta Zungeru ya same shi a Minna, aka haɗe su ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1912. Gadar Jebba ba ta kammala ba sai 1916. Kafin nan a kan jirgin fito ake ɗora taragai a haye da su.

Daga Bakin Dogo, in ka yi kudu ta wajen filin wasa na Ahmadu Bello, za ka iso inda garin arewa ya ƙare, ruwa ya fara. Gadar motoci tana nan cike da hayaniya, ta jirgi kuma tana gefenta, ba mai kula ta sai masu yanke hanya da ƙafa. A ƙetare ne babbar tasha take, Kaduna Junction, inda layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Kafanchan ya zo ya haɗu da wannan a shekarun 1920. Da rani kogin yakan janye ya bar duwatsu a fili, masu wanki su baza kaya a kai, masu ɗibar yashi su shiga da kwalekwale, masu lambu su bi gaɓa da alayyafo. Da damina kuwa ruwan ja ne, mai faɗi, yana tafe da itatuwa. Wanda ya gan shi a watan Agusta zai gane dalilin da ya sa gada ce abin alfaharin duk wani injiniyan dogo, kuma ita ce abin da ake fara kiran mai hoto ya ɗauka.

Yana da kyau mutum ya tsaya a wannan gaɓa ya auna abin da ɗaukar hoto ke nufi a wancan zamani. Kyamarar akwatin katako ce, tsakiyarta fata mai naɗewa kamar zugazugin maƙeri, ana kafa ta a kan ƙafafu uku. Mai hoto ya lulluɓa da baƙin ƙyalle a tsakiyar rana, ya leƙa, ya ga duniya a kife, ƙasa a sama, sama a ƙasa, ya daidaita. Ba fim ake sa mata ba, farantin gilashi ne da aka shafa wa magani a Ingila, aka rufe a kwali, ya yi makonni a teku. Kowane gilashi hoto ɗaya ne. In ya ɓaci ya ɓaci. Gilashi kuwa ga nauyi ga saurin fashewa, sai a kan 'yan dako, ko a kan taragon da ke kai ƙarafa bakin aiki. Zafi yana lalata maganin. Ƙurar hunturu in ta sauka a kai sai ta bar ɗigo-ɗigo. Wanki sai da dare, ko a cikin tanti mai duhu da jar fitila, da ruwan da aka tace aka bari ya huce, domin ruwa mai ɗumi yana iya narkar da fuskar gilashin ya tafi da hoton gaba ɗaya. Washegari a ɗora takarda a ƙarƙashin gilashin, a fitar rana ta buga. Ga sauro, ga zazzaɓi, ga kwana a sansanin da gobe za a tashe shi a matsa gaba. Dattijon da ya yi rabin rayuwarsa a inuwar kantin littattafai, wannan ita ce sana'ar da ya zaɓa.

Me gwamnati ke so da hoton? Shaida. Kuɗin aikin rance ne, waɗanda suka sa hannu suna Landan, ba za su taɓa zuwa su ga Kogin Kaduna ba. Rahoto yana iya ƙari, amma in an aika hoton ginshiƙan gada a wata kaza, bayan wata uku aka aika wani ga ƙarfe ya hau kansu, magana ta ƙare. Saboda haka hotunan aikin dogo na wancan lokaci, ko na wane ne, kusan fasalinsu ɗaya. Layi ya miƙe ya tsaga daji har ya ƙure wa gani. Tudun da aka fasa, kwarin da aka cike. Kan jirgi yana hayaƙi a kan sabuwar gada don a nuna ta ɗauka. A tsakiya Bature da farar hula mai faɗi, hannu a ƙugu, an rubuta sunansa da muƙaminsa a ƙasa. Ban ga laifin Da Costa a nan ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma wanda aka ce wa gani ya kori ji, ya kamata ya tambaya wa ya zaɓi inda za a kafa kyamarar.

Abin da ya fi jan hankalina a irin waɗannan hotuna yana gefe-gefe ne. Can za ka ga mutane jingim, da bante ko guntun wando, kwanon sarki a ka, diga ko shebur a hannu, heluma na tsaye a kansu. Sau da yawa fuskokinsu ba su fita ba, don Bature yana iya tsayawa cik har a gama ɗauka, lebura kuwa ba a ba shi izinin tsayawa ba, sai ya fito dishi-dishi. Waɗannan su ne 'yan diga, kuma akasarinsu ba da son ransu suka zo ba. Razdan ne ke yanka wa sarki adadin mutanen da zai kawo, sarki ya yanka wa hakimai, hakimai su yanka wa dagatai, dagaci ya shiga gari ya nuna wanda zai tafi. Mutum ya yi 'yan makonni, a sallame shi, a kawo wani ayari. Nufawa ne suka fara ɗanɗanawa daga Baro, sai Gbagyi, sai talakawan Zazzau, sai na Kano. Bayan mutane kuma ana neman hatsin da za a ciyar da sansani, shi ma daga rumbunan ƙauyukan da layin ya ratsa. A 1909 mutanen Gussoro, a ƙasar Gbagyi, suka kashe wani jami'in mulki da 'yan sandan da ke tare da shi, aka tura musu soja. Masana tarihi suna danganta wannan tashin hankali da matsin da aikin dogo ya jawo wa yankin.

Gaskiya ne ana biyansu, kuma da sulalla ake biya, ba da wuri ba. Gwamnati ta jefi abu biyu da wannan: ta sami ma'aikata, ta kuma cusa kuɗinta cikin karkara, domin sulen da ta ba mutum a bakin dogo shi za ta dawo ta karɓa a haraji. Akwai kuma waɗanda suka zo da ƙafarsu, cikinsu har da bayin da suka ga hanyar tara kuɗin fansar kai. Mata masu tuwo da fura sun bi sansani suna ciniki. Duk wannan rayuwa ce mai yawa, amma ba ita aka aiko mai hoto ya ɗauka ba. In ta shiga, ta shiga ne don ba yadda za a ɗauki ramin ba tare da masu haƙa shi ba.

Shaida ta biyu daga fada ta fito. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda Turawa suka naɗa a 1903, shi ne sarkin da nauyin kawo 'yan aiki ya hau kansa lokacin da layin ya shigo ƙasarsa, kuma ƙasar da Kaduna ke zaune a kai tasa ce. Malami ne, mawaƙi, ya kuma bar Waƙar Diga a kan wannan aiki. Shi ma ba sakakken baki gare shi ba. Sarki ne a ƙarƙashin Razdan, kuma daga baya Turawan suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, inda ya rasu. To ga mutum biyu da suka ga abu ɗaya, kowa da igiya a ƙafarsa: ɗan Legas mai gilashi, da Basarake mai tawada da alƙalami. Ɗalibanmu na Hausa suna karanta waƙar, masu nazarin hoto a Turai da Amurka suna duba hotunan, ba safai ake ajiye su a tebur ɗaya ba. A ganina kowane ɗaya rabin labari ne.

Daga bakin kogi in ka komo cikin gari, sunayen layuka za su gaya maka waɗanda jirgin ya sauke. Lagos Street, Ibadan Street, Abeokuta Street, Yoruba Road, Nupe Road, Kano Road, Katsina Road, Jos Road. Akawuna, masu buga waya, direbobin jirgi, makanikai, kafintoci, mutanen Kudu da na Saliyo da na Ghana, ajin su Da Costa ke nan, masu ilimin boko da sana'ar hannu waɗanda mulkin mallaka bai iya tafiya sai da su, bai kuma yarda ya zauna kusa da su ba. Lugard, da ya dawo a 1912 ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, ya zaɓi wannan wuri ne don ga ruwa, ga dogo, ga fili, kuma ba birnin wani sarki ba ne; har ya so ya mai da shi babban birnin Nijeriya duka, Landan ba ta biye masa ba. Ya tsara garin daki-daki. Turawa a nasu ɓangaren mai itatuwa, sai a bar fili yadi 440 ba gini, wai don sauro, sai unguwar ma'aikatan Kudu, sai can hayin dogo Tudun Wada ta leburori da 'yan Arewa. Har yau in ka tsallaka layin daga wajen kasuwa zuwa Tudun Wada ko Tudun Nupawa, ƙafarka za ta gaya maka ka canja unguwa: layuka sun matse, gidaje sun haɗe, inuwa ta ragu.

Ajin nan nasa na masu ilimin boko ma Da Costa ya yi masa hidima a ƙarshen rayuwarsa. A 1920 wani Bature mai suna Allister Macmillan ya fitar da The Red Book of West Africa, kundin kamfanoni da attajirai da manyan mutanen Gambiya da Saliyo da Ghana ta yau da Nijeriya, ya kuma ɗauki Da Costa aikin hotuna, yana mai yabonsa da cewa a Nijeriya babu mai hoton da ya kai shi ƙwarewa da suna. A can za ka ga Afirka ta daban: lauyoyi, likitoci, 'yan kasuwa, kowa cikin shigarsa ta alfarma, ya zauna daram, fuska ta fito tar, suna a ƙasa. Hannun da ya ɗauki 'yan diga shi ya ɗauki wasu daga cikin waɗannan. Bambancin kawai, a nan wanda ke gaban kyamara shi ne aka zo ɗauka. Da Costa ya rasu a 1929, shekarar da reshen Zariya ya kai Ƙauran Namoda.

Kaduna ta iya adana kayan masu mulki. A lambun Gamji da ke bakin kogi, wanda aka sa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina, akwai 'yar gadar ƙafa ta ƙarfe da katako da Lugard ya gina a Zungeru a 1904, aka ciro ta aka kawo nan, aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Taku kaɗan ne ka haye ta. Amare da angwaye da 'yan makaranta suna hawa suna ɗaukar hoto, ita kuwa gadar jirgi, wadda ita ce dalilin garin, ba wanda ke yi mata kwalliya ya je. A titin Yakubu Gowon akwai gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa, inda fayilolin sakateriyar Arewa da na larduna suke, da wasiƙun Razdan-Razdan a kan haraji da lebura da hatsi. A titin Rabah akwai Gidan Arewa, gidan Sardauna na da, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa cibiyar bincike a cikinsa a 1970. A titin Ali Akilu kuma ga gidan tarihi na ƙasa, a ginin da ya taɓa zama hedikwatar jam'iyyar NPC. Duka ukun keke-napep ɗaya zai zaga da kai kafin azahar. Da ni ake shawara, da ɗaya daga cikinsu ya nemo hotunan aikin dogon nan duk inda suke, ya buga su manya yadda gefe zai fito, ya rataye kusa da waƙar Ɗansidi cikin ajami da boko, a kawo 'yan makarantar Tudun Wada su gani.

Abin da aka gina layin dominsa ma bai zo yadda aka tsara ba. Masaƙun Lancashire auduga suke jira, har an kafa injin gurza a Zariya. Da jirgi ya fara ɗaukar kaya a Kano a 1912, manoma suka duba farashi suka shuka gyaɗa, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye, buhuna suka fi ƙarfin taragai har aka riƙa tara su dala-dala. Shekaru aru-aru na fataucin Sahara suka juya suka fuskanci teku. Duk wannan gyaɗa ta wannan layi na Bakin Dogo ta bi, ta wannan gada ta haye.

Yanzu jirgin da mutanen Kaduna suka sani yana Rigasa, can yamma da gari, a kan sabon layi mai faɗi da aka buɗe zuwa Abuja a watan Yulin 2016, kuma a 2021 aka ƙaddamar da ci gabansa zuwa Kano. 'Yan aikin wannan karon suna da hular kwano da riga mai ƙyalli, kowa da waya a aljihu, suna ɗaukar kansu da kansu a gindin gada su tura wa na gida. Ba mai cewa fuskarsu ba ta fita ba. Sai dai hoton yana nan ne muddin wayar tana nan, ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta, shi ke nan.

A ɗaya daga cikin layukan nan masu sunayen garuruwa na shiga shagon wani tsohon mai hoto, irin waɗanda fasfo kaɗai ya rage musu. Labule mai zanen bene da furanni yana rataye a bango, ya koɗe. Na ce, "Alhaji, ka taɓa jin wani Da Costa?" Ya ce bai taɓa ji ba, amma shi ma a wurin wani Bayarabe ya koyi aikin, shi kuma Bayaraben ubangidansa daga Legas ya zo. Ya ja ni ɗakin baya, inda da nan ne ɗakin wanki, ya nuna mini buhuna a jingine, cike da dodon hoto: bukukuwan aure, 'yan masaƙa ranar albashi, sojoji, ma'aikatan reluwe da kakinsu, mahajjata kafin tafiya. Wasu a ambulan da suna da kwanan wata, wasu a zube, wasu sun manne da juna. Na tambaye shi abin da zai yi da su. "Malam, yara sun ce in ƙone, ɗakin suke so su sa firiza," in ji shi. "In ka san mai so, ya zo da mota kafin ruwa ya sauka. Kwanon nan yoyo yake yi."